Kalmar da Ardo Bube Ya Ji Sau Biyu

Shekara goma sha huɗu Malam Mansur Na'iya ya yi yana koyar da Turanci a wata sakandare a Tambuwal, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya ce bai san ma'anar wata kalma ba. In malamai suka yi gardama a ofis kan yadda ake faɗin wani abu, shi ake jira ya shigo ya raba. Yana jin daɗin haka, ko da yake ba ya nunawa. Asalinsa ɗan wani ƙaramin ƙauye ne kusa da Fakku, a ƙasar Kebbe. Can mahaifiyarsa take, tare da wansa Bilyaminu, wanda ya riƙe gonar gado tun rasuwar mahaifinsu.

Ana saura kwanaki damina ta faɗi aka kira shi a waya. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta daɗe tana kai-kawo tsakanin manoma da makiyayan yankin a kan batun burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki su wuce kiwo da mashaya. An rubuta yarjejeniya da Turanci, za a karanta ta a Kebbe ranar Asabar kowa ya sa hannu. Jami'ar da za ta karanta 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa sai gaisuwa, tafintansu kuma ya kwanta rashin lafiya. Hakimin ƙauyen su Mansur ne ya ce a nemo ɗan Na'iya, ai shi ne ya ci Turanci ya ƙoshi.

Ranar Asabar ya yi sammako a babur, ya biya ta gida ya gaishe da Inna. Bai gama shan kunu ba Bilyaminu ya ce masa ya zo su zaga gona.

Suka bi ta gabas da gari har bakin burtali. Mansur ya tsaya yana duba. Ya san wurin tun yana yaro. Akwai wata tsohuwar aduwa wadda a da ita ce iyakar gonarsu, daga ita sai hanyar shanu. Yanzu aduwar tana tsakiyar gona, an share ƙasa an tara kara a bayanta har wajen taki goma sha biyar.

"Yaya, yaushe anka kai nan?"

"Bana shekara ukku," in ji Bilyaminu. "Ƙasar ciki ta gaji, ba ta ba da komai. Nan kau shanu sun shekara ɗari suna zuba taki. Geron da nika aiko maka duk kaka, ina kaka zaton shi ka fitowa?"

Mansur ya kawar da kai. Buhu uku ake kai masa Tambuwal kowace shekara, bai taɓa tambayar daga wane ɓangaren gona suka fito ba.

Bilyaminu ya dafa masa kafaɗa. "Na ji an ce takardar ta yi maganar burtali. Kai za ka faɗa muna abin da tac ce. Ban ce ka yi ƙarya ba, Mansur. Sassauta harshe dai. Mutum goma sha ɗaya ka cin abinci gidan ga."

"Allah shi sa mu dace," Mansur ya ce, bai ce to ba, bai ce a'a ba. A hanyar Kebbe ya riƙa gaya wa kansa cewa ai bai yi alkawarin komai ba.

A wani aji na makarantar firamare aka yi zaman. An fitar da bencina an shimfiɗa tabarmi. Manoma suka zauna ta taga, makiyaya ta ƙofa da sandunansu a kan cinya, hakimai uku a kan kujeru. A gaban makiyayan akwai Ardo Bube, wani tsoho siriri mai farin gemu, wanda Mansur ya sani tun kafin ya san kansa. A zamanin mahaifinsa Malam Na'iya, duk rani garken Ardo Bube a gonarsu yake sauka ya bar musu taki, a ba shi kara da dusa. Da ya ga Mansur sai fuskarsa ta washe, ya kama hannunsa da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Jami'ar, wadda kowa ke kira Madam, ta fara karatu. Takan karanta sakin layi guda ta tsaya, Mansur ya juya shi da Hausa. Aikin ya yi masa sauƙi, har ya ji muryarsa tana yi masa daɗi a kunne. Na ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. A na huɗu takardar ta ce makiyaya suna da obligation na tsare dabbobinsu daga shiga gonaki, tun daga shuka har a kwashe amfani.

Kalma ce da Mansur ya koya wa ɗalibai ba sau ɗaya ba. Yakan gaya musu cewa abu ne da ya hau kan mutum, ba shi da zaɓin ya yi ko ya bari, ko doka ce ta ɗora masa, ko alkawari, ko addini. Har yakan ƙara musu da cewa tushen kalmar daga ɗauri yake, wato an ɗaure ka ke nan. Don haka bai ko yi tunani ba ya ce, "Dole ne a kan makiyaya, wajibi ne, su tsare dabbobinsu." Manoma suka gyaɗa kai.

Madam ta karanta na biyar. Manoma suna da obligation na barin burtali a faɗinsa na asali, duk wanda ya shiga kuma ya janye kafin shuka.

Mansur ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan Bilyaminu a jikin taga. Bilyaminu bai yi masa wata alama ba, kallonsa kawai yake yi. Jami'in ƙaramar hukuma, wanda shi kaɗai ne zai iya kama shi, ya fita waje yana amsa waya. Mansur ya ji harshensa ya yi nauyi, sannan ya ji shi ya yi sauƙi.

"Ana roƙon manoma," ya ce, "in da hali, su yi ƙoƙari su bar wa shanu hanya."

Ba wanda ya motsa. Madam ta yi masa murmushi ta juya shafi. Har ta buɗe baki za ta ci gaba, sai Ardo Bube ya ɗaga hannu.

"Malam, a yi min haƙuri. Ni ban yi boko ba, amma kunne gare ni. Akwai wata kalma da baƙuwag ga ta faɗi, mai kama da obiligeshin. Sau biyu na ji ta. Da taz zo kanmu kac ce dole. Da taz zo kanku kac ce ana roƙo. Ita ce dai, ko kau kunnena ne ya tsufa?"

Mansur ya ji gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Madam ta tambaye shi me tsohon yake cewa, ya gaya mata wai so yake a maimaita. Ta maimaita sakin layin biyu a hankali, tana fitar da kowace kalma. Tsohon ya karkata kai, ido a rufe, yadda yake yi in yana son ya gane kukan saniyarsa a cikin garken wani.

"Iri ɗaya nika ji," ya ce.

"Turanci faɗi gare shi, Baffa," in ji Mansur. Ya yi mamakin yadda muryarsa ta fito daidai. "Kalma guda takan ɗauki ma'ana biyu. Ya danganta da inda ta zauna."

Ardo Bube ya daɗe yana kallonsa. Wani daga cikin makiyayan ya fara magana da Fulatanci da ɗan zafi, tsohon ya tsayar da shi da tafin hannu.

"To, madalla. Tun da ɗan Na'iya yac ce haka ne, haka ne. Shekara talatin muna tare da ubanai, bai taɓa gaya min abin da ba shi ba."

Da aka gama karatu, shi ya fara dangwala babban yatsa a tawada ya manna a takarda. Sauran suka bi. Aka yi addu'a, aka ɗauki hoto. A sallar Azahar kafaɗarsa na jikin ta Mansur a sahu. Bayan sallama ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare, ya ba Mansur ɓarin da ya fi girma. Mansur ya karɓa ya yi godiya, ya sa a aljihu. Aka kawo shinkafa da nama, ya ce azumi yake. Wannan ma ba gaskiya ba ce.

Bai biya ta ƙauye ba a komawa. Washegari bayan La'asar ya kwaso ƙamus ɗinsa guda uku ya baje su a tabarma a tsakar gida. Neman yake ya ga ko akwai wani lungu, ko da a ma'ana ta huɗu ce ko ta biyar, inda kalmar ta taɓa nufin roƙo ko shawara. Da ya samu ko layi ɗaya ne, da ya kama shi da hannu biyu. Na farko ya ce abin da dole ka yi. Na biyu ya ce nauyin da doka ko ɗa'a ta ɗora maka. Na ukun, wani tsoho mai yagaggen bango, ya jera misalai rabin shafi, babu ko ɗaya da ya bar wa mutum ƙofar fita. Hanya guda ce kawai ake sassauta kalmar, ita ce a kore ta ɗungurungum, a ce babu ita a kanka. Takardar Kebbe kuwa ba ta kore ta ba.

Matarsa Hamdiyya tana gefe tana tsince wake. Ta lura tun jiya bai ci abincin kirki ba.

"Malam, jarrabawa za a yi maka ne?"

Ya so ya ce mata darasi yake shiryawa. Sai ya ji ya gaji da irin wannan amsa. Ya gaya mata komai, tun daga aduwa har zuwa goro, idonsa a kan shafin ƙamus. Da ya gama ya ƙara da cewa, "Amma dai takardar tana nan yadda take. Ban canza ko harafi guda ba. In an tashi aiki, ai da ita za a yi."

Hamdiyya ta ajiye faifan. "Wa ya ji takarda a cikinsu? Kai sunka ji."

Ba ta ƙara ba, ta ɗauki wakenta ta shiga madafa. Ya fi son da faɗa ta yi masa.

Ya yi niyyar ya koma a makon nan ya gyara. Sai aka fara jarrabawar gwaji a makaranta. Mako na gaba babur ɗinsa ya lalace. Kowane uzuri na gaskiya ne, kuma kowanne ya yi maraba da shi. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Bilyaminu ya shuke har inda ya share. Maƙwabtansa huɗu da suka ji da kunnensu cewa roƙo ne kawai, in da hali, suka ga su ma ba su da hali, kowa ya ƙara 'yan kunyoyi. Burtalin da a da garke biyu kan yi kiciɓis su wuce, ya koma sai shanu sun bi layi.

Gero ya kai gwiwa lokacin da Bilyaminu ya kira shi a waya, yana dariya. Wai garken Ardo Bube ya zo wucewa, hanya ta matse, shanu suka fantsama gonar maƙwabcinsu Tambaya suka tattake shuka. An kama Sama'ilu, babban ɗan Ardo, wanda ke tare da garken, an kuma ɗaure karsana guda a ƙofar hakimi. Gobe za a yi shari'a. "Ka ga amfanin takarda," in ji Bilyaminu. "Su dole ta hau su."

Mansur ya ce masa waya ba ta ji sosai, ya kashe. Ya zauna a ofishin malamai har kowa ya watse. Da safe ya nemi izini, ya karɓi aron babur ɗin wani malami, ya kama hanya.

Ya tarar da zauren hakimi a cike. A waje ga karsanar, fara mai baƙin kunne, tana ta jan igiya tana kuka. A ciki Sama'ilu na durƙushe, mutum mai 'ya'ya biyar, kansa a ƙasa. Ardo Bube na zaune a bayansa. Tambaya yana tsaye yana ba da ba'asi, yana cewa a gaban kowa aka karanta, makiyaya dole, manoma in da hali. Hakimi yana riƙe da kofen takardar a cikin leda.

Mansur ya yi sallama ya tsuguna ya kwashi gaisuwa. Hakimi ya ce, "Yawwa, ga ma mai karatun ya zo. Malam, sake tuna muna."

Aka miƙo masa takardar. Ya dafe ta a kan gwiwa. A hanya ya shirya magana mai tsawo, wadda za ta fara da wahalar aikin tafinta da yadda harsuna ba sa haɗuwa daidai. Da ya ɗaga ido ya ga Ardo Bube yana kallonsa da fuskar nan ta ranar Kebbe, sai duk ta zube.

"Ranka ya daɗe, kalma guda ce a wuri biyun. Ma'anarta guda, dole. Yadda ta hau makiyaya su tsare shanu, haka ta hau manoma su bar burtali, kuma wanda ya shiga ya janye kafin shuka. Haka takarda tac ce. Ni na canza."

"Kuskure kay yi?" in ji hakimi. Ƙofa ce ya buɗe masa, kowa ya gane.

"Ba kuskure ba ne, ranka ya daɗe. Ina sane. Gonarmu tana cikin waɗanda sunka shiga."

Abin da ya biyo baya bai iya tuna shi a jere. Ya ji salati, ya ji wani ya yi tsaki. Tambaya ya ce shi ba ruwansa, abin da aka gaya masa ya bi, wa zai mayar masa da irinsa da wahalarsa? Bilyaminu ya tashi, ya taka tabarma da takalmi, ya fice. Mansur na nan tsugune, yana kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero a gefen ƙafarsa. Bai taɓa jin zaure ya yi masa haske haka ba.

Hakimi ya tsawata aka yi shiru. Ya juya ga Ardo Bube ya ce ko yana da magana.

Tsohon ya gyara zama. "Ba ni da wata magana mai yawa. Ran nan kunnena ya gaya min abu guda, yaron ga ya gaya min wani. Sai na zaɓi in yarda da shi in bar kunnena. Jama'ata sun yi min faɗa har rugga, na ce su yi shiru." Ya ɗan tsaya. "A ba mu karsanarmu dai, uwatta na can ba ta ci ba tun jiya."

Bai zagi Mansur ba, bai kuma ce ya yafe ba. Da zai fita ya bi ta gefensa, bakin rigarsa ya shafi kafaɗar Mansur, ya wuce.

Hakimi ya sa aka kwance karsanar. Ya ce gobe da hantsi dattawa za su fita da igiya a auna burtali a kan tsoffin alamomi, duk shukar da ta faɗa ciki a tuge ta, kowa ya tuge tasa da hannunsa. Maƙwabta huɗun suka yi, suna yi suna ambaton sunan Mansur. Bilyaminu ya ce shi ba zai tuge abin da ya shuka ba, wanda ya jawo ya zo ya yi.

Mansur ya karɓi fartanya a wurin Inna. Ba ta tambaye shi komai ba, ta dai ce ya ɗaura rawani don rana. Rabonsa da noma tun yana sakandare. Geron ya yi kyau, kore shar, irin wanda manomi kan tsaya ya yi wa hamdala. Ya fara daga bakin aduwa yana sara yana jefarwa. Kafin ya gama kunya biyar hannunsa ya yi bororo, kafin Azahar sun fashe. Mata masu zuwa itace suka rage tafiya suna kallo. Wuni biyu ya yi a kai. A rana ta biyu da yamma garke ya zo wucewa ta sabuwar hanyar, Sama'ilu na gaba da sanda a kafaɗa. Mansur ya miƙe ya ce masa sannu da kiwo. Sama'ilu ya dubi shanunsa, ya yi musu kira, ya wuce.

Labari ya riga shi isa Tambuwal. Ba wanda ya tare shi da maganar a makaranta, sai dai ya lura in ya shiga ofis hira takan canza. Ya rubuta wa ƙungiyar wasiƙa ya bayyana abin da ya yi. Suka amsa da layi biyu, suka aiko wani tafinta aka sake karanta takardar a ƙauyuka uku.

Bilyaminu bai yi masa magana ba har Babbar Sallah, ita ma Inna ce ta zaunar da su ta ce ba za ta ci naman kowa ba sai sun gaisa a gabanta. Suka gaisa. A kakar shekarar abin da gonar ta bayar bai kai gidan ga wata damina ba, Mansur ya ɗauko 'ya'yan wansa biyu ya riƙe su a Tambuwal.

A ƙauye sunan da aka laƙaba masa shi ne Mai Baki Biyu. Manoma ke faɗinsa, makiyaya ma ke faɗinsa, kowa da dalilinsa. Har yanzu yana zuwa gaishe da Inna duk wata, amma ya daina bin ta bakin kasuwa inda dattawa ke zama. Yakan kashe babur tun daga bayan gari, ya tura shi ta lungun masu rini, ya shiga gida ta ƙofar baya.